Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu riƙe da ragamar wasanni a jihar Maradi: a fara auna tsallen yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabanninmu na wasanni, da iyayen ƙungiyoyin kokowa, ƙwallon ƙafa, ƙwallon raga, ƙwallon kwando, ƙwallon hannu da guje-guje, da duk wanda ake jin maganarsa in an zo zaɓen waɗanda za su tsaya da sunan Maradi. Ina gaishe ku gaisuwar girma, Allah ya taya ku riƙon wannan amana. Ni malamin motsa jiki ne a wata kwalej a cikin garin Maradi, da marece kuma ina horar da ƴan ƙwallon raga. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Na rubuto ne a madadin ƴan'uwana malaman motsa jiki da masu horar da yara a filayen unguwa, waɗanda muke haɗuwa mu koka wa juna mu watse, kukan bai taɓa isowa kunnenku ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne zaɓen yara da aka yi kwanan baya. An tara samari da ƴan mata daga makarantu da unguwanni, aka sa su wasa na yini guda, aka tsaya a gefen fili ana nunawa da yatsa: kai, kai da ke, ku tsaya, sauran Allah ya kai mu baɗi. Ba a auna tsawon kowa ba, ba a ɗora kowa kan sikeli ba, ba a ce da yaro ko ɗaya ya yi tsalle a ga inda hannunsa zai kai ba. Da muka nemi dalili, sai aka ce babu kayan aiki, kuma ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ba mu raina idon tsofaffin hannu ba, mu ma a wurinsu muka koya. Amma nan Maradi garin ciniki ne, kuma wanda ya fi kowa sanin ƙimar buhun wake da ido, in aka zo biyan kuɗi cewa yake a kawo tiya ko sikeli. Abin da ba mu yarda a yi wa wake ba, bai kamata mu yi wa ƴaƴan mutane ba.

Ku yi mini haƙuri in ɗan faɗi abin da ya sa muka nace a kan tsalle, ba wani awo dabam ba. Ƙarfin ɗan wasa iri biyu ne. Akwai na ɗaukar nauyi, wanda mutum ke tattarowa sannu a hankali har ya miƙe da kaya. Akwai kuma na zabura, wanda ke fita cikin ƙiftawar ido. Wasa kusan duka na biyun yake nema. Gwanin gudun mita 100, ƙafarsa kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan take yi a ƙasa a kowane taku. Gwanin tsallen sama bai cika kashi biyu cikin goma ba yake barin ƙasa. Tsoka kuwa tana bukatar lokaci fiye da haka kafin ta fitar da duk abin da ke cikinta. Ke nan ba yawan ƙarfin da mutum ya tara ne ke yi masa aiki a fili ba, wanda ya iya fitarwa cikin wannan ɗan lokaci shi ne nasa. Tsalle daga tsaye yana nuna wannan a sarari, domin ƙugu da gwiwa da idon sawu duk tare suke miƙewa, cinya da ɗuwawu da sha-raɓa su harba jiki sama, babu dabara mai yawa da za ta rufe gaskiyar ƙafa. Shi ya sa ƙungiyoyin wasanni da yawa a duniya sukan auna tsallen yaro kafin su ɗauke shi, ko na majinyaci kafin su mayar da shi fili.

Maganar rashin kayan aiki kuwa, ranku ya daɗe, ba ta tsaya ba. Awon da aka fi sani a duniya wani likita ne, Dudley Sargent na jami'ar Harvard a Amurka, ya bayyana shi tun 1921, kuma a yadda ake yin sa yau, abin da yake bukata bango ne da alli da mitar awo irin ta tela. Yaro ya shafa alli a yatsunsa, ya tsaya gefensa na jikin bango, dugadugansa a ƙasa, ya miƙa hannu iyakar miƙawa ya dangwala. Sannan ya ɗan rage tsawo ya zabura, ya sake dangwalawa a ƙolin tsallensa. Tazarar da ke tsakanin tabo na ƙasa da na sama ita ce tsallensa. Bango da alli kuwa ba su da wuyar samu a jihar nan, daga Dakwaro har Madarunfa.

Kukanmu na farko, muna zubar da yara masu baiwa ba mu sani ba. Akwai wani yaro da na koyar, ɗan wani ƙauye da ke bayan Tibiri, yana zaune wurin kawunsa a nan gari. Ba dogo ba ne, ba shi da surutu, kuma bai iya ƙwallo ba domin bai tashi inda ake koyar da ita ba. Ranar da na sa ajinsu tsallen bango, sai ga tabon allinsa ya haye na kowa da kusan taƙi guda, har da na waɗanda suka fi shi tsawo. Na ce ya sake, ya sake dangwala wurin. Ajin ya yi tsit ana kallon bango, shi kuwa yana ta goge hannu a wando don kunya. Na kai shi zaɓe. A wasan yini guda ƙwallo ba ta zo masa da yawa ba, wadda ta zo ya karɓe ta a karkace, aka wuce shi. Na buɗe littafina in nuna, aka ce ba a aiki da wannan. Yau kabu-kabu yake yi. Sana'a ce, ba abin kunya ba, amma duk lokacin da ya tsaya ya gaishe ni a hanya sai zuciyata ta sosu. Karɓar ƙwallo cikin watanni ake koya wa yaro. Irin waccan ƙafa kuwa horo yana ƙara mata, amma ba ya ƙirƙiro ta daga babu. Kowane malami a cikinmu yana da irin wannan yaro a ransa.

Ƙasarmu lambobin Olamfik biyu gare ta: tagullar Issaka Dabore a dambe a Munik, 1972, da azurfar Abdulrazak Issufu Alfaga a tekwando a Riyo, 2016. Shekara 44 ne tsakani. Ba mu yarda cewa cikin waɗannan shekaru iyaye mata sun daina haihuwar zarata ba. Ba a neme su ba ne ta hanyar da ake gane su.

Kuka na biyu ya fi na farko zurfi, kuma a nan ne muke roƙon ku saurare mu da kyau. A ƴan wuraren da ake yin awon, ana ɗaukar lamba guda a yanke wa kowa hukunci da ita: wanda ya fi santimita shi ne ya fi ƙarfi. Wannan kuskure ne mai cutarwa, domin kowane wasa da irin tsallen da yake tambaya.

Ɗauki ƙwallon raga, wadda na fi sani. Ragar maza mita 2 da santimita 43 ce, ta mata mita 2 da 24. Abin da ke ci a nan shi ne inda hannu ya kai, ba santimitan da ƙafa ta bar ƙasa kaɗai ba. A ce yaro yana tsaye hannunsa na kai mita 2 da 50, ya yi tsallen santimita 60, ya taɓa mita 3 da 10. Wani kuma hannunsa na kai mita 2 da 25, ya yi tsallen 75, ya taɓa mita 3 cif. Na biyu ya fi ƙafa, na farko ya fi amfani a bakin raga, kuma koci mai hankali ya san inda zai ajiye kowannensu. Dole ke nan a rubuta duka biyun, a kuma raba tsallen tare ƙwallo, wanda ake yi daga tsaye da hannu biyu, da tsallen duka, wanda ake yi bayan taku biyu ko uku. Sannan ɗan ƙwallon raga ba sau ɗaya yake tashi ba, tashi yake ta yi har zagaye na biyar. Yaron da tsallensa na farko ya burge amma na goma ya zube, shi ne zai ba ka kunya lokacin da wasa ya yi zafi. Ƙwallon kwando, inda zobe ke mita 3 da santimita 5, ita ma haka take, sai dai ta fi neman wanda in ya dira zai sake tashi nan take, domin ƙwallon da ta dawo daga allo ba ta jiran kowa. Ɗan ƙwallon hannu da ƙafa ɗaya yake tashi cikin gudu, ya haye layin mita 6 ya harba kafin ya sauka, don haka auna shi da ƙafa biyu kaɗai rabin labari ne.

Ƴan ƙwallon ƙafa ba sai an yi musu dogon bayani ba. Babu yaron da bai ga ƙwallon da Cristiano Ronaldo ya ci Sampdoria da ka ba a Disamban 2019, lokacin yana Juventus: an ƙiyasta kansa ya kai mita 2 da santimita 56, alhali sandar saman gida mita 2 da 44 take. Yaranmu suna kallon wannan a salula suna tafi, amma ko ɗaya bai san nasa tsallen ba. Ga ɗan tamaula ma amfanin awon ya wuce ƙwallon sama, domin an daɗe da gano cewa masu tsalle mai kyau galibi su ne masu fizgar gudu a takun farko, inda ake riga abokin hamayya isa ga ƙwallo.

Sai kokowa, wadda ita ce tutar Maradi. Tun da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, ɗan jihar nan Yakuba Kantu ne ya fara ɗaga shi, kuma filin kokowar garin nan sunansa yake ɗauke da shi. Kowace shekara jiha tana fitar da ƴan kokowa goma su fuskanci na sauran jihohi bakwai. Da na kawo wannan magana gaban wani tsohon ɗan kokowa da nake girmamawa, sai ya ce: “Mushe, kokowa a ƙasa aka yin ta, mi za shi kai mu bisa?” Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarta. Ku tuna lokacin da ɗan kokowa ya samu shiga ƙarƙashin abokin karonsa, ya rungumo cinya, yana duƙe. Abin da ya rage shi ne ya miƙe da mutum mai kilo 90 ko 100 kafin wancan ya gyara tsayuwa. Ƙugu, gwiwa da idon sawu su miƙe tare cikin ƙiftawar ido. Wannan motsi shi ne motsin tsalle, sai dai maimakon jikinsa kaɗai, da jikin wani yake tashi. In ya yi jinkiri kaɗan, shi ake kayarwa.

Amma in aka jera ɗan kokowa da ɗan ƙwallon raga a jikin bango aka ce santimita ce alƙali, an zalunci ɗan kokowa, domin nauyin da yake ɗagawa ya fi. Akwai lissafin da wani masani, Sayers, da abokan aikinsa suka fitar a 1999, wanda ke haɗa tsalle da nauyin jiki ya ba da ƙarfin zabura a ma'aunin wat, wannan dai wat ɗin da muka sani a jikin ƙwan lantarki da farantin sola. Ana ninka santimitan tsalle da 60.7, a ninka kilon mutum da 45.3, a haɗa, a cire 2,055. Mu gwada da misali. Ɗan kokowa mai kilo 95 da ya yi tsallen santimita 40 zai ba da wat kusan 4,680. Ɗan ƙwallon raga mai kilo 70 da ya yi 55 zai ba da kusan 4,450. Wanda ya fi ƙasa a bango ya fi yawan ƙarfi. In kuma aka raba wa kowa da nauyinsa, ɗan kokowa yana da wat 49 a kowane kilo, ɗan raga yana da kusan 64. Kowanne ya yi nasara a lissafin da wasansa ke bukata: mai ture mutum jimillar ƙarfi yake so, mai ɗaga kansa sama ƙarfi a kan kowane kilo yake so. Wannan lissafi kowace salula tana yin sa, amma ba ya yiwuwa in ba a ɗora mutum kan sikeli ba. Kuma ga shi da wani amfani da ya shafe mu kai tsaye. Ƴan kokowarmu da yawa suna neman ƙiba kafin gasa, ana ta tura musu fura da nama. In nauyi ya ƙaru tsalle ya tsaya inda yake, an samu riba. In nauyi ya ƙaru tsalle ya faɗi ƙasa sosai, kaya aka ɗora masa, ba ƙarfi ba. Ido ba ya raba waɗannan biyun, ƙaton jiki kawai yake gani ya yi murna.

Mai gudun dogon zango kuwa sau da yawa tsallensa ba shi da yawa, kuma wannan ba aibi ba ne. Tsokarsa ta juriya ce, ba ta zabura ba. Awon bai ce a kore shi ba, cewa ya yi a kai shi inda ya dace.

Bayan awon bango akwai wata hanyar kuma. Wani masani ɗan Italiya, Carmelo Bosco, shi da abokan aikinsa sun fito da hanya a 1983 ta auna lokacin da mutum ya yi a iska, da wata shimfiɗa mai ƙidayar lokaci. Daga lokacin ake fitar da tsawon tsalle: rabin sakan a iska daidai yake da santimita 31, kashi shida cikin goma na sakan kuma santimita 44. A tsarinsa ana sa ɗan wasa ya riƙe ƙugu da hannu biyu, domin lilon hannu yana ƙara tsalle da kashi 10 cikin 100 ko fiye, ya ɓoye aikin ƙafa. Ana sa shi ya tashi daga duƙe bayan ya ɗan tsaya cak, sannan a sa shi ya tashi da saurin duƙawa da miƙewa. Na biyun yakan fi na farko da ƴan santimita, saboda agara da sauran jijiyoyi suna ajiye ƙarfi lokacin duƙawa su mayar da shi lokacin tashi. Tazarar da ke tsakanin biyun tana haska wa koci abin da yaro ya fi bukata, ko ƙarin ƙarfin tsoka ko atisayen dira da tashi. Tashi daga duƙe, a ganinmu, shi ya fi kusa da halin ɗan kokowa, tare da tsallen gaba daga tsaye. Akwai kuma tsalle a jere na sakan 15 ko 30 ko 60, wanda ke tona asirin mai saurin zubewa. Yau wannan shimfiɗa ba dole ba ce. Salular da ke ɗaukar hoto 240 a sakan guda tana yin aikin, har akwai manhaja mai suna My Jump da wani masani ɗan Sifen ya ƙirƙira don haka. Sai dai a kula: salula mai hoto 30 a sakan, kuskuren hoto ɗaya tak yana kai santimita 4, kuma yaron da ya naɗe ƙafafu kafin ya dira yana ƙara wa kansa lokacin da ba nasa ba. Don haka muke cewa a fara da bango, salula ta biyo baya a hannun wanda aka koya wa.

Kuka na uku na lafiya ne. Ɗan wasa ya yi targaɗe ko gwiwa ta bugu, a kai shi wurin mai ɗori ko asibiti, bayan ƴan makonni koci ya ce ka warke? Ya ce na warke, koci. Shi ke nan, ya koma fili. Wane yaro ne zai ce bai warke ba alhali ga gasa tafe? Ciwo yana tafiya tun ƙarfi bai dawo ba, yaro ya riƙa jingina da ƙafa mai lafiya bai ma sani ba, ranar da ya dira a kan mai raunin sai ta sake tafiya, wannan karon fiye da da. Mu da muka tashi da langa mun san tsallen ƙafa ɗaya tun muna ƙanana, kuma shi ne awon da likitocin wasanni ke amfani da shi: a yi tsallen gaba da ƙafar dama, a yi da ta hagu, a gwada. Da yawansu ba sa sakin ɗan wasa sai mai raunin ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na mai lafiya. Mitar tela da fili mai tauri kaɗai wannan ke ci. Ga ƴan mata abin ya fi muhimmanci, domin an tabbatar sun fi maza yawan tsinkewar jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki a wasanni irin ƙwallon hannu, kwando da ƙafa. Malama mai lura, in ta tsaya gaban yarinya lokacin da take dira ta ga gwiwoyinta suna faɗawa ciki suna neman haɗuwa, ta ga alamar haɗari tun bai zo ba, kuma ana gyara shi da atisaye. Na ga yarinya mai tsaron gida da ta bar wasa tana shekarun ƙuruciya, har yau in ta duƙa yin wanki sai ta dafa bango za ta miƙe. Iyayenta sun ce ba za su sake ba da wata ƴa wasa ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Gajiya ma haka. In gasa ta matso akan tsare ƴan wasa a yi ta jibga musu gudu safe da marece, wani lokaci cikin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da zaton wahala ita ce shiri. Tsalle uku kowace safiya, a rubuta, ya isa ya nuna wa koci ranar da jiki ya fara ja da baya, ya sassauta kafin a isa fili da ƙafafu matattu.

Na huɗu gajere ne amma shi ne gindin sauran: ba mu da littafi. Mu malamai muna auna gudu da tsalle don ba da maki, shekara ta ƙare, takardu su tafi wurin mai ƙosai. Koci ya bar ƙungiya, abin da ya sani ya tafi da shi a ka. Yaro mai shekara 14 da ya riga tsaransa balaga zai fi su tsalle bana, bayan shekara biyu su kamo shi su wuce, amma tun bana an zaɓe shi an sallami sauran. Awo ɗaya ba ya nuna wannan, sai an bi yaro ana rubutawa. Lissafin Sayers ɗin ma a kan ɗaliban jami'a a Amurka aka fitar da shi. Namu ma'aunin, na ɗan Mayahi da ƴar Tasawa, sai mun tara da hannunmu za mu same shi.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku sa doka cewa ba za a sake zaɓen ƴan wasa da sunan jiha ba, a kowane fanni, sai an rubuta shekarun kowa, tsawonsa, nauyinsa, inda hannunsa ke kaiwa yana tsaye, tsallensa na bango da tsallensa na gaba. Kowace ƙungiya ta ƙara awon da ya dace da wasanta: ƴan raga da kwando tsalle da taku da tsalle a jere, ƴan ƙwallon hannu da ƙafa tsallen ƙafa ɗaya, ƴan kokowa tashi daga duƙe tare da lissafin wat.

Ku fitar da takarda guda, da Hausa da Faransanci, mai faɗin yadda ake awon, domin lambar Gazawa ta yi magana da ta Gidan Rumji. A ɗumama jiki iri ɗaya. A yi gwaji uku a ɗauki mafi kyau. A yi a kan daɓe ko siminti, ba cikin rairayi ba, domin rairayi yana shanye tsalle. Wanda aka auna da takalmi a ci gaba da auna shi da takalmi, wanda aka auna da marece kada a gwada lambarsa da ta sanyin asubar hunturu. Ƙananan abubuwa ne, amma in aka bar su lambobin sun zama shirme.

Muna roƙon a tara malaman motsa jiki da masu horarwa na unguwa a koya musu wannan a aikace. Akwai waɗanda suka fito daga INJS, makarantar horar da malaman wasanni ta Yamai, a cikinmu, sun karanta shi, za su iya koyar da sauran. A nemi haɗin kan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ke da sashen kiwon lafiya da na kimiyya a nan garin, ɗalibanta su taya mu tsara lambobin da fassara su. A buɗe littafi guda na jiha, a takarda da kwamfuta, wanda ba zai tafi da tafiyar kowane shugaba ba. Kuma kada abin ya tsaya a cikin birni. Yaran Barmo da Agiye da ƙauyukan bakin gulbi suna da haƙƙi a kan wannan bango kamar na unguwar Zariya da Ali Ɗan Tsoho.

Ƴan mata, malamai mata su auna su, a wuri mai sutura, da sanin iyayensu. Lambar yaro amana ce: kada a kafe ta a allo ana yi wa mai ƙaramin tsalle dariya, kada a yaɗa ta a WhatsApp. Kuma muna faɗa da babbar murya, tun kafin wani ya juya mana magana, ba mu ce santimita ta maye gurbin koci ba. Bango ba ya auna zuciya, ba ya auna dabara, ba ya gane wanda ke karanta abokin karonsa tun kafin ya motsa. Tsofaffin ƴan kokowa da tsofaffin masu horarwa su ci gaba da zama a wurin zaɓe, a girmama ganinsu, sai dai littafin ya kasance buɗe a gabansu, wanda aka bari kuma a iya faɗa masa dalili.

Kuɗin da wannan zai ci, sikeli da mitoci da alli da littattafai, bai kai na rigunan ƙungiya guda ba, kuma mu ba mu nemi ko dala a kan aikin hannunmu ba. Muna roƙon ku kira mu zama kafin zaɓe na gaba. Ku kawo ƴan wasa daga kowane fanni, har da ƴan kokowa, mu auna su a gabanku, mu yi lissafin tare, ku yanke hukunci bayan kun gani da idonku.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya ɗaukaka Maradi da Nijar baki ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Malamin motsa jiki, a madadin ƴan'uwansa malamai da masu horarwa na unguwa, Maradi.